Ɗalibin da ya yi cinikin kuɗin fansar mahaifinsa: nazarin wani lamari daga ofishin ba da shawara a Sakkwato

Wannan bayani ne a kan wani ɗalibi da na yi aiki da shi a ofishin ba da shawara na ɗaya daga cikin manyan makarantun Sakkwato. Shi ya ba ni izinin rubutawa, bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa, ko ƙauyensu, ko fannin da yake karantawa. Na sakaya sunan makarantar da na duk wanda abin ya shafa, na kuma cire wasu abubuwan da za su iya sa a gane shi. Abokan aikina nake rubuta wa, da malaman da aka ɗora wa kula da azuzuwa, da iyaye. Masu ɗauke da irin nauyin wannan yaro suna da yawa a azuzuwanmu, kuma akasarinsu har su gama karatu, ko makaranta ta sallame su, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su abin da ya faru.

Yadda ya iso ofis

Ba shi ya kawo kansa ba. Malamin da ke kula da ajinsu ne ya riƙo shi, wata rana cikin bazara, irin lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Ɗan aji 3 ne, shekarunsa 20 da 'yan kai. A shekaru biyun farko yana cikin na gaba-gaba, shi ke yi wa 'yan ajinsu bita idan jarrabawa ta matso. Sai ga shi a zangon da ya gabata ya faɗi kusan rabin kwasa-kwasansa, a sabon zangon kuma ba a cika ganin sa a lakca ba. Malamin ya ja ni gefe ya ce: "Malam, wanga yaro ba haka nis san shi ba. Ko shaye-shaye yah hwaɗa, ko wani abu yas same shi. Don Allah ka duba min shi tun ba a kore shi ba."

Da muka zauna mu biyu, ƙorafinsa duk na jiki ne. Kai na ciwo, zafi na tashi daga tsakiyar kansa, zuciya na bugawa ba gaira ba dalili, barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya masa daɗi. Ya sha maganin maleriya da na taifot a kemis har ya gaji. An ce masa gyambon ciki ne, shi ma ya sha nasa maganin. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Da wuya ɗalibi namiji ya shigo ya ce yana cikin damuwa, jiki ne ke fara kai ƙara. Kuma ba ƙarya yake yi ba, ciwon kan na gaske ne, bugun zuciyar na gaske ne. Duk wanda ya ce masa "ai ba abin da ke damun ka" ya toshe hanyar magana ke nan. Don haka daga jikin na soma: yaushe ciwon ya fara, wane lokaci ya fi tsananta, me yake yi idan barci ya ƙi. Da na tambaye shi ko akwai abin da ya faru gab da somawar ciwon, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce daminar bara ce. Bai ƙara ba, ni ma ban matsa masa ba.

Abin da na tabbatar na yi a ranar shi ne bayyana masa iyakar sirri. Duk abin da ya faɗa a ɗakin ba zai isa ga malaminsa ba, ko shugaban sashe, ko danginsa, sai da yardarsa. Togaciya ɗaya ce: idan na ga ransa ko ran wani na cikin haɗari zan nemi taimako, kuma shi zan fara sanarwa. Daga baya ya gaya mini wannan maganar ce ta sa ya dawo.

Abin da ya faru a gida

Ɗan gabashin Sakkwato ne, yankin da ya haɗa Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo da Wurno, inda ta'adin 'yan bindiga ya fi ƙamari. Wanda ke zaune a jihar nan bai buƙatar a tuna masa da shekarar 2021: a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23, a watan Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, a watan Disamba aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Abin da muke yawan mantawa shi ne 'ya'yan waɗannan garuruwa suna zaune gabanmu a aji, muna ba su jinga, muna ƙirga musu makara.

A gona aka ɗauke mahaifinsa. Yaron yana gida hutu. Da yake shi ne ɗan fari kuma shi ne ɗan boko, da masu garkuwar suka kira sai dattawan gida suka miƙa masa waya. Daga ranar shi ya zama bakin iyali. Kuɗin da aka fara yankewa, ko an sayar da duk abin da gidan ya mallaka ba zai kai ba. Sai aka shiga ciniki, yana roƙo, ana zagin sa, ana kashe waya, a kwana biyu ba a kira ba. Wani lokaci sai su sa uban a waya ana dukansa don ɗan ya ji. Aka sayar da gona, aka sayar da shanun huɗa, aka haɗa da kuɗin rajistarsa na makaranta da gudummawar dangi, aka ƙara da kayan da suka nema. Makonni suka shuɗe kafin a daidaita. An sako dattijon a rame, ƙafafu a kumbure, bai ƙara tashi ba har Allah ya yi masa rasuwa. Iyalin suka baro ƙauye suka raɓa gidan wani ɗan'uwa a bayan garin Sakkwato. Mako guda da rasuwar yaron ya koma makaranta, saboda jarrabawa ta ƙarato kuma bai san cewa akwai hanyar neman jingine karatu ba.

Bai ba ni labarin nan a zama ɗaya ba. Gutsure-gutsure ya riƙa fitowa, wani wurin ya tsallake, sai daga baya ya koma kansa.

Abin da bincike ya nuna

Na yi amfani da PHQ-9, ma'aunin ciwon damuwa mai tambayoyi 9 wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 27. Ban miƙa masa takarda ba, da baki na yi masa tambayoyin cikin Hausa, domin takardar da ake cikewa tana yi wa ɗalibai kama da jarrabawa. Makinsa ya faɗa tsakanin 15 da 19, rukunin da ke nuna ciwon ya yi ƙarfi. Amma ma'auni ba ya yanke hukunci, nuni kawai yake yi, kuma hirar ta nuna abin da ya wuce ciwon damuwa.

Yana mafarkin muryar ubansa a waya. Idan lambar da bai sani ba ta kira shi, hannunsa sai ya ɗauki rawa, har ya kai ga kashe wayar kwana da kwanaki. Nan ma na gano dalilin ƙin zuwa lakca, wanda malaminsa ya ɗauka lalaci ne ko ƙwaya. 'Yan bindiga a kan babura suke zuwa, ayari guda. A bakin ƙofar makaranta kuwa, da safe da lokacin tashi, 'yan kabu-kabu ne cunkushe, kowa na murza nasa. Da ya ji ƙarar babura da yawa a haɗe, sai gumi ya karyo masa, numfashi ya sarƙe, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Shi kuma a waje yake zaune, dole ta ƙofar zai bi. Sai ya zaɓi zama ɗaki. Waɗannan alamu, wato dawowar abin a mafarki da farke, gudun duk abin da ke tuna shi, zama cikin ɗar-ɗar, da munana wa kai zato, idan suka wuce wata guda suna hana mutum harkarsa, su ne ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali.

Na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa ko kashe kansa. Abokan aiki da yawa suna jin nauyin wannan tambaya, suna tsoron kada su cusa wa mutum abin da bai yi tunani ba. Tambayar ba ta cusa komai, sauƙi ma take kawowa ga wanda ya daɗe yana ɓoyewa. Ya ce bai taɓa shirya wani abu ba, yana tsoron Allah, amma sau da yawa idan ya kwanta yakan yi fatan kada ya farka. Ya roƙe ni kada in rubuta. Fargabarsa tana da tushe: ban da kunya da tsoron a ce imaninsa ya yi rauni, sashe na 231 na dokar hukunta laifuffuka ta Arewa (Final Kod) ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A ganina doka irin wannan ba ta hana kowa, ɓoyewa kawai take koya wa masu neman ceto. Muka tsara abin da zai yi idan tunanin ya taso da ƙarfi: wa zai kira, ina zai tafi, kada ya kwana shi kaɗai. Ya zaɓi wani abokinsa ɗan ajinsu, ya kuma yarda in yi magana da shi gwargwadon buƙata.

Zargin shaye-shaye kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani mai kemis ya ba shi ƙwayar barci ta diyazifam, da safe kuma yakan haɗiyi tiramadol don ya iya tashi. Ba nishaɗi yake nema ba, jinyar kansa yake yi da abin da hannunsa ya kai gare shi.

Ƙashin bayan lamarin bai fito ba sai da muka yi nisa. Wata rana ya dube ni ya ce: "Malam, ni nik kashe Baba. Da na biya abin da sunka ce tun hwarko, da yanzu shina raye. Ni nit tsaya ciniki kamar ina sayen akuya." Wannan jumlar ya kwana da ita ya tashi da ita kusan shekara guda, bai taɓa furta ta ga kowa ba.

Aikin da muka yi

Farko likita. Ni mai ba da shawara ne, ba na rubuta magani, kuma daina diyazifam farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba yana da haɗari, sai an riƙa ragewa sannu a hankali a hannun likita. Da na ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai ya miƙe tsaye, ya ce shi ba mahaukaci ba ne da za a kai shi Kware. A Sakkwato kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce a kai mutum Kware. Alhali Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke can, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suna ganin masu rashin barci da damuwa da firgici, a duba mutum ya koma gida a ranar. Na yi masa wannan bayani, na bar shi ya yi tunani. Ya yarda bisa sharaɗin abokinsa ya raka shi. Likita ya tsara masa yadda zai rabu da ƙwayoyin biyu, ya ɗora shi a kan maganin ciwon damuwa. Muka nanata masa cewa irin wannan magani yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 ko fiye kafin a ji amfaninsa, domin a nan ne marasa lafiya da yawa ke jefar da shi su ce bai yi ba.

Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 kan cututtukan da ke da nasaba da tashin hankali ta fifita jinya ta hanyar magana, wadda ke fuskantar abin da ya faru tana gyara tunani da ɗabi'a. Hanyar ta samo asali daga aikin likitan nan na Amurka, Aaron Beck, a shekarun 1960. A kanta na gina aikina. Muka fara da abubuwa masu sauƙi: numfashi a hankali idan bugun zuciya ya taso, tsayayyen lokacin kwanciya, ajiye waya nesa da shimfiɗa, komawa sallar jam'i a masallacin unguwa wadda ya daina fita. Sai maganar ƙofar makaranta. Gudun abin tsoro yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma shi ke raya tsoron, saboda jiki bai samun damar koyon cewa wannan ƙarar ta 'yan kabu-kabu ce masu neman na abinci. Ya fara da tsayuwa nesa da ƙofar da rana tsaka, lokacin da babura ba su da yawa, abokinsa na gefensa, har sai bugun zuciyar ya lafa da kansa. Sannan ya matso. Sannan lokacin tashi. Waya ma haka: ya sauya ƙarar kira, abokin ya riƙa kiran sa da baƙuwar lamba a lokacin da suka shirya. Wannan ɓangaren ya tafi da sauri fiye da yadda na zata.

Laifin da ya ɗora wa kansa ne ya ci lokaci. Kowa ya ba shi haƙuri, kowa ya ce ƙaddara ce, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai shi abin da ya ji a ciki shi ne "yi shiru". Ba wanda ya san akwai tuhuma a ransa, balle ya amsa ta. Ni ban ce masa ba laifinsa ba ne, don da na faɗa da ya jefa maganata cikin sauran ta'aziyya. Takarda muka ɗauka, muka koma kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka yanke kuɗin farko, nawa ke cikin gidan? Da wa zai sayi gona a yini guda, a ƙauyen da kowa ke shirin gudu? Sa'ad da yake magana a waya, shi kaɗai ne a zauren? Sai ya tuna dattawa na kewaye da shi, suna raɗa masa abin da zai ce, su ke cewa ya rage. Wa ya ɗauke dattijon daga gona, wa ya hana shi abinci, wa ya doke shi? Ya lissafo su da bakinsa. Sai na ce: "Ƙanena, da ƙanenka aka miƙa wa wayar nan, ya yi duk abin da ka yi, yau za ka dube shi ka ce shi ya kashe Baba?" Ya ce subhanallahi, a'a. Ya yi kuka a ranar, irin wanda ya ce bai yi ba ko a wurin jana'iza, saboda an ce masa shi ne babba yanzu.

Kada mai karatu ya ɗauka a nan aka gama. Mako na gaba ya dawo da tuhumar cikin sabuwar riga: to da ya roƙi wane da wane bashi fa? Muka sake bi. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, kuma aikin duka shi ne raba abin da ya sani a lokacin da abin da ya sani yanzu. Sai da muka maimaita sau da yawa kafin ya fara yi wa kansa tambayoyin ba tare da ni ba.

Tun kafin ya zo wurina danginsa sun kai shi an yi masa ruƙya, wasu na cewa iska ce ta shafe shi a daji. Ya tambaye ni ko sai ya daina. Na ce a'a. Ban ga dalilin da zai sa a tilasta wa Musulmi zaɓi tsakanin addu'a da asibiti ba, a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. Ko a fannin likitancin zamani, Dakta Thomas Adeoye Lambo tun 1954 ya fara jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyen Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, yana haɗa hannu da masu maganin gargajiya. Sharaɗina biyu ne: ba duka ko turaren da zai cutar da shi, kuma ba mai ce masa ya ajiye maganin likita. Da yardarsa na haɗa shi da wani malamin addini a makarantar wanda na san yana da fahimta. Malamin ya karanta masa labarin Annabi Yaƙubu a Suratu Yusuf, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki kuma hakan bai rage masa annabci ba. Ya kawo masa hadisin da ke cikin Sahihu Muslim mai hana mutum cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", domin "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Hadisin ya sha jin sa. Wannan karon ya shige shi, saboda an riga an saurari tuhumar kafin a kawo mata amsa.

Sashe, kuɗi da dangi

Shawara ba ta biyan kuɗin rajista. Yaron da bai san inda zai samo kuɗin zango mai zuwa ba, ko ka koya masa numfashi iri goma ba zai yi barci ba. Muka zauna gaban kwamfuta muka cike masa neman bashin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a watan Mayun 2024, mai biyan kuɗin makaranta kai tsaye da ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Kuɗin ba su da yawa idan aka dubi tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin mai a 2023, amma sun cire masa ƙaya ɗaya.

Sashe ya nemi bayani a rubuce kafin a duba masa sassauci. Shugaban sashen, da kyakkyawar niyya, ya so in faɗi ainihin abin da ke damun yaron. Na rubuta cewa ɗalibin yana ƙarƙashin kulawar likita da ofishinmu bisa dalilin lafiya da rasuwar mahaifi, na haɗa da takardar asibiti, na tsaya nan. Ɗalibin ya karanta wasiƙar kafin ta fita. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba mai jinya haƙƙin a kiyaye sirrinsa. Ko babu doka ma, ranar da labarin ɗalibi ɗaya ya fita daga ofishin nan, ranar ofishin ya mutu.

Baffansa, ƙanen mahaifin, ya zo da kansa. Ya ce: "Malam, wanga yaro ɗana na. Ubanai wana na, uwa ɗaya uba ɗaya. Mi yac ce maka da ba ya iya gaya muna?" Na tashi na ba shi kujera, na ce: "Baba, ranka shi daɗe, amana ce yab ba ni. Amma in ya yarda mu zauna mu uku, ku ji daga bakinai." Baffan yana son yaron ya bar karatu ya kama sana'a, ga uwa ga ƙanne ba mai ciyarwa. Ban ga laifinsa ba, shi ma nauyi ya yi masa yawa. Aka zauna, aka tsaya a kan yaron zai riƙa koyar da yara darasi da yamma yana kawo abin da ya samu, ya kuma ci gaba da karatu. Baffan bai gamsu sosai ba, ya dai ce a gwada.

Mahaifiyarsa ce ta fi wuya. Tun rasuwar yake gudun haɗa ido da ita, yana ganin ita ma shi take tuhuma. Ga kuma kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle su zauna su buɗe ciki. Tsarin da littattafan fanninmu ke koyarwa, na a haɗa uwa da ɗa a ɗaki ɗaya su yi magana, ba zai yi aiki a nan ba. Gwaggonsa muka nema ta shiga tsakani. Saƙon da ta dawo da shi ya girgiza shi: Inna ba ta taɓa kawo maganar ciniki a ranta ba, ita ca take ƙyamar su yake yi tunda suka zama 'yan gudun hijira.

Akwai lokacin da ya koma baya. An kai hari wani ƙauye kusa da nasu, hotuna suka cika WhatsApp da Facebook, ya kwana yana kallo. Ya koma wa ƙwayar barci, ya daina zuwa. Abokinsa ne ya sanar da ni kamar yadda muka shirya tun farko. Da ya dawo yana jin kunya, na nuna masa cewa wannan yana cikin tafiyar, muka sanar da likita, muka ƙara da ƙa'idar daina buɗe irin waɗannan hotuna.

Lokacin da muka rage zama zuwa sau ɗaya a wata, makinsa a PHQ-9 ya sauka ƙasa da 10. Ya rabu da tiramadol da diyazifam, yana shiga ta ƙofar makaranta a kan kabu-kabu, yana ɗaga waya. Sai da ya ƙara shekara guda kafin ya biya kwasa-kwasan da ya faɗi. Mafarkin yana zuwa jefi-jefi, musamman da damina. Har yau bai taka ƙauyensu ba, hanyar ma ba ta biyuwa.

Malamin da ya kawo shi

Ofishinmu a takarda na ɗalibai ne da ma'aikata, amma ma'aikata ba sa zuwa. Wata rana bayan an tashi, malamin nan ya leƙo wai ya ji labarin yaron. Na ce masa yana samun sauƙi, ban ƙara ba. Bai tafi ba. Ashe shi ma ɗan yankin ne. Duk ɗalibin da aka sace wa wani, ko aka kora daga ƙauye, ofishinsa yake nufa. Yana ba da na mota daga albashinsa, alhali bai gama farfaɗowa daga basukan yajin aikin 2022 ba, wanda ya ɗauki wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba. Hawan jininsa ya tashi, yana yi wa iyalinsa faɗa ba dalili, shi ma barci ya gagare shi. Da na ce mu buɗe masa fayil sai ya ɗaga hannu: "A'a Malam. In magana tak kai rajistara, ƙarin girmana hwa?"

Tsoron nan shi ke hana ma'aikata zuwa. Mai ba su shawarar abokin aikinsu ne, tare suke zaman kwamiti, tare suke sahu a masallaci. Ofishin kuma a lokacin yana jikin ginin mulki, duk wanda ya shiga an gan shi. Ban karɓe shi a matsayin mai jinya ba, domin sanayyarmu ta yi kusa. Na haɗa shi da wani ƙwararre a wajen makaranta, muka kuma yi yarjejeniya cewa ɗaliban da ke zuwa masa da irin wannan nauyi zai riƙa rako su wurinmu maimakon ya ɗauka shi kaɗai.

Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ambaci ba da shawara a makarantu, amma a wurare da yawa an taƙaita aikin ga zaɓen kwas da lakcar maraba da sababbin ɗalibai. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, saboda haka jiran likita ya ga kowa ba mafita ba ce. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibitoci, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna hanyar tana rage ciwon. Mu namu tsofaffin matan su ne malaman da ke kula da azuzuwa, da shugabannin ɗakunan kwana, da limaman masallatan makaranta. Su ke fara gani. Abin da suke buƙata shi ne a koya musu alamu, da yadda ake tambaya, da inda aikinsu ya tsaya.

Bayan wannan lamari na rubuta wa hukumar makaranta buƙatu: a mayar da ofishin kusa da asibitin makaranta inda shiga ba ta jawo ido, a ajiye fayilolinmu daban da na rajistara, a yi wa masu kula da azuzuwa bita a farkon kowace shekara, a sanar da ɗalibai cewa wanda aka yi wa rasuwa ko garkuwa yana da damar jingine zango, a kuma ɗauki mace mai ba da shawara, domin ɗalibai mata da yawa ba za su zauna da namiji a rufe ƙofa su faɗi abin da ya same su ba. An ba mu ɗakin, an kuma yi bitar farko. Maganar ɗaukar ma'aikaciya mace tana gaban kwamiti.